Shin Yoga na Rage Ciwon Mara Lokacin Al'ada?

'Yar'uwa, sannu da jiki. Kin ce mara na murɗa miki duk wata har ki kasa zuwa makaranta, kina tambaya ko yoga, wato wani salon motsa jiki da numfashi, za ta taimaka. Tana taimakawa, amma ba za ta kawar da ciwon gaba ɗaya ba.

Ciwon yana zuwa ne daga sinadarin furostagilandin, wanda ke sa mahaifa ta riƙa matsewa don fitar da jini, shi ya sa ya fi tsanani a kwana 1 zuwa 2 na farko. Yoga, wadda asalinta daga Indiya take, tana sassauta naman ƙugu da mara, numfashi a hankali kuma yana kwantar da jiki. Motsa jikin kawai za ki ɗauka, ba sai da wata ibada ba.

Wanda na fi so shi ne ki durƙusa, ki zauna kan dugaduganki, ki kifa goshi a ƙasa, hannuwa a miƙe gaba, ki yi minti 2 kina numfashi. Sa filo ƙarƙashin ciki, yana ƙara daɗi sosai. Sai kuma ki tsaya kan gwiwoyi da tafukan hannu, ki riƙa gantsarewa kina kuma tura baya sama. Ki riƙa yi tun kafin jinin ya zo, ki haɗa da gasa mara da ruwan ɗumi.

In ciwon na ƙaruwa wata bayan wata, ko jini na zuba da yawa, don Allah ki je asibiti a duba ki, ƙarin mahaifa ma kan kawo haka.