Amsa: shuka furen dezi a Kano da amfaninsa wajen magani

Malama, kin tambaya ko ƙaramin furen nan na Turai, dezi, mai farar baza da ɗorawar tsakiya, zai yi a Kano, kuma ko da gaske yana magani. Zai yi, amma da hunturu kawai. Tsiron ƙasar sanyi da laima ne, a Ingila ma cikin ciyawar lambu yake fitowa da kansa. Ki shuka shi a tukunya wajen watan Nuwamba, ki barbaɗa irin a saman ƙasa kada ki binne, domin sai da haske yake tsirowa. Ki ajiye inda ranar safe kaɗai ke taɓawa, ƙasar kuma kada ta bushe. Nawa, zafin bazara na shigowa ya yi yaushi ya ƙone. Mutanen Jos sun fi mu sa'a a nan.

Batun magani, Turawa tun da can suna dandaƙa ganyen da furen su ɗora a inda aka bugu jini ya taru, wasu kuma su jiƙa furen a ruwan zafi saboda tari. Ki fara gwadawa a ɗan wuri a hannu, don yana sa wasu ƙaiƙayi. Tarin da ya ƙi tafiya kuwa, na asibiti ne.