Maigidana ya zama kocin ɗanmu, yaron ya fara ciwon ciki duk Asabar

Assalamu alaikum Anti,

Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali. Daga jihar Ohio ta Amurka nake rubuto miki. Shekararmu 11 a nan ni da maigidana, Allah ya ba mu 'ya'ya uku: babban namiji ne mai shekara 9, sai ƙanwarsa mai 7, sai auta da ko yaye ta ban yi ba.

A nan da zarar an koma makaranta a ƙarshen watan Agusta sai kakar ƙwallon yara ta kankama, ba ta ƙarewa sai farkon Nuwamba, lokacin da bishiyoyi suka zubar da ganye, sanyi ya fara cizo. Ƙungiyoyin unguwa ne, iyaye ke riƙe da su kyauta. Bana aka rasa mai horar da su babban nawa, aka yi ta turo saƙo cewa in ba a samu uba ko uwa ba za a rarraba yaran. Abbansu ya ce shi zai yi. Ni na fi kowa murna, don mutum ne da ya taso yana buga ƙwallo ba takalmi a filin firamare a Kano, har yau in Pillars na wasa sai ya nemi sakamako a waya. Aka binciki tarihinsa kamar yadda ake yi wa duk mai hulɗa da yara, ya yi ɗan kwas a intanet, aka miƙa masa jakar ƙwallaye da usur.

Tun daga ranar gidanmu bai sake zama daidai ba. Atisaye Talata da Alhamis ƙarfe 5:30 na yamma, ita yarinyar nata Laraba a wani fili daban, wasa kuma duk Asabar. Ni aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi. In na sauko ƙarfe 7 na safiyar Asabar ko kayan aiki ba na cirewa, sai in hau yanka lemon zaƙi na hutun rabin lokaci, in saɓa auta a baya, in ɗauki kujerata ta naɗewa. Islamiyyar Asabar sau uku ke nan suna rasawa, malaminsu har ya kira ni. Tuwo kuwa na manta rabon da in tuƙa a tsakiyar mako.

Duk wannan zan iya jurewa. Yaron ne ya sa na rubuto.

Abbansu yana da haƙuri da 'ya'yan mutane, har mamaki yake ba ni. Yaro zai zubar da ƙwallo a gaban raga, ya tafa masa ya ce ba komai. Nasa kuwa ko sunansa ba ya kira, sai "kai!" da ƙarfi, sai faɗa da Hausa, duk filin ba mai jin abin da aka ce sai mu uku. Shi ake fara cirewa, shi ne na ƙarshen shiga. Satin da ya wuce ya ci ƙwallonsa ta farko a bana, ya juyo da gudu yana neman idon ubansa, uban ya sunkuyar da kai yana duba takardar canji. Wata baturiya da ke zaune kusa da ni ce ta miƙe tana ihu tana kiran sunansa. Da muka shiga mota aka fara lissafi: me ya sa ka tsaya kallo, me ya sa ba ka koma baya ba, ƙafar hagun ta ado ce? Ina hango shi ta madubi yana cire abin kare ƙwauri a hankali, bai ce uffan ba har gida.

Yanzu Asabar biyu a jere yana tashi da ciwon ciki, ranar Lahadi kuma garau. Na yi wa Abbansu magana, ya ce in ya yabi ɗansa a gaban mutane za a ce son kai ne, kuma shi haka aka tashe shi bai lalace ba. Har ya fara zancen baɗi zai kai shi gwajin ƙungiyar da ke yawo gari-gari, wadda ake biyan dubban daloli a shekara. Anti, in ce ya ajiye usur ɗin ne, ko in cire yaron? Saura wasa huɗu.

Maman uku, Ohio

Wa alaikumus salam 'yata,

Sannu da ƙoƙari. Mace ta kwana tana juya tsofaffi, ta wayi gari a bakin fili da goyo tana rabon lemo, ai kafin komai a ce mata sannu.

Kada ki cire yaron, kada kuma ki ce uban ya ajiye usur. In ya ajiye yanzu 'ya'yan mutane za su rasa koci ana tsaka da kakar wasa, ɗanki kuma ya ɗauka shi ya jawo. In kika cire shi, abin da zai ji shi ne har uwarsa ta yarda bai iya ba.

Mijinki ba mugunta yake yi ba, kara yake yi. Kin san mu da ɗan fari. Ni nawa har ya shiga sakandare ban taɓa kiran sunansa a gaban surukaina ba, in ya zo na ɗaya a aji sai in kawar da kai kamar ban ji ba. Amma a gida wannan ba ya yi wa yaro illa, don akwai masu cike gurbi. Kaka za ta ja shi jiki tana tsokanarsa da "maigidana", goggo ta saya masa tsire, kawu ya ɗora shi a babur ya zaga gari da shi. Abokansa ma duk haka iyayensu suke, kowa ya san ma'anar shirun uba. Ɗanki kuwa a Ohio aka haife shi, yana tsaye a filin da kowane uba ke ihun yabo ko da ɗansa kan ƙwallo ya faɗi. Abbansu ya taho da karar daga Kano, ya baro kakar da goggon a can. Yaro ɗan shekara 9 ba shi da mai fassara masa, abin da ya gani shi zai ɗauka: babana yana son 'ya'yan kowa ban da ni.

Akwai abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki. Kin ce faɗan da Hausa ake yi. To yabon da yake ji a filin da wane harshe ne? In Hausa ta zama harshen tsawa a kunnensa, Turanci ya zama na "madalla", kada ku yi mamaki ranar da za ku yi masa magana da Hausa ya amsa muku da Turanci. Ki faɗa wa Abbansu wannan yadda na faɗa miki. Uba da ke ƙasar waje yana iya jure a ce ya cika zafi, amma ba ya son jin cewa da hannunsa yake raba ɗansa da harshensa.

Batun son kai kuma, ki tuna masa tauye ɗanka don gudun bakin mutane shi ma rashin adalci ne. A Amurka ƙwallon unguwa an gina ta ne a kan kowa ya buga. Ƙungiyar ƙwallon yara ta AYSO, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1964, dokarta ce kowane yaro ya buga aƙalla rabin wasa, kuma ƙungiyoyin unguwa da yawa suna da irin wannan ƙa'ida. Ki duba littafin ƙa'idojin ƙungiyarsu, in an ba shi tare da usur ɗin. 'Yan ƙasa da shekara 10 bakwai-bakwai suke bugawa, galibi minti 25 kowane rabi. Asabar mai zuwa ki riƙe wayarki ki ƙirga mintin da ɗanki ya yi a fili, ki ƙirga na wani yaro ɗaya, ki ajiye. Namijin da zai yi gardama da maganar matarsa ba kasafai yake gardama da agogo ba. Daga nan ya nemi wani uba ya zama mataimakinsa, a rubuta jerin canji tun kafin a busa, kowa da lokacinsa. Gyaran ɗanku ya koma bakin mataimakin, shi kuma ya riƙa gyara ɗan mataimakin. Ya huta da zargi, yaron ya huta da "kai!"

Sai mota. Da an rufe ƙofa koci ya sauka, uba ne ke tuƙi. Ba zancen ƙwallo har sai atisayen Talata, sai in yaron ne ya ɗauko da kansa. Ban ce Abbansu ya riƙa tsalle a bakin fili kamar baturiyar nan ba, ba zai iya ba, kuma ba sai ya yi ba. Ya riƙe kararsa a gaban mutane. Amma da daddare, daga shi sai ɗansa, ya dafa kansa ya ce, "Na ga ƙwallon nan taka." Ta satin da ya wuce ma ba ta yi tsami ba.

Lokacin da za ki yi maganar ki zaɓa. Ba ranar da aka ci su ba, ba a gaban yara ba. Bayan ya ci ya ƙoshi, ki ba shi labarin juyowar nan da yaron ya yi da gudu. Mai yiwuwa bai gani ba, kansa na kan takarda. In ma ya gani, bai ga abin da kika gani ta madubi ba.

Ciwon cikin kada a ce masa ƙarya yake. Fargaba tana murɗa cikin yaro da gaske. Ki tambaye shi a tsakiyar mako, kuna wani abu daban, ko wanke-wanke ko hanyar makaranta, me yake ji in Asabar ta matso. In ciwon ya fara zuwa wasu ranakun, ko ya haɗu da amai ko zazzaɓi, ki kai shi wurin likitan yara.

Ke ma ki rage wa kanki. Ba dole ne ki je kowane wasa ba, kuma tuƙi bayan kwanan zaune da yara a mota ba abin wasa ba ne. Lemon nan ai juyi ake yi tsakanin iyaye, ki karɓi naki satin ki bar musu sauran. Ki nemi wata uwa ku riƙa karɓa-karɓa wajen kai yarinyar ranar Laraba. Malamin Islamiyya kuma ki gaya masa gaskiya, sati huɗu ne suka rage, ya ba ki inda aka tsaya su riƙa biyawa bayan magariba.

Ƙungiyar yawon gari-gari a bar ta tukuna. Gwajinta sai wajen Mayu ko Yuni, akwai dogon sanyi a tsakani. In an ninke riguna an ajiye, a tambayi mai ƙafar ko yana so, kuma ke ki tambaya, don in uban ne zai ce e ko ba ya so.

Ki rubuto min bayan wasan ƙarshe, ina son in ji ko cikin ya lafa. Ki shafa min kan auta.

Anti