Maigidana ya daina shan giya, amma nas ce ke bibiyarsa ta waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya yi shekaru yana shan giya har sai da aka kwantar da shi a asibiti. An sallame shi, yanzu nas ce ke ganinsa, kuma ta ce za ta riƙa kiransa a waya. Anya wannan ya isa ya hana shi komawa?
Wata matar aure, daga Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da yake buƙata yanzu shi ne mai bibiyarsa ba tare da gajiyawa ba, musamman a watanni ukun farko da aka fi komawa ruwa, kuma nas mai horo tana iya wannan. Za ta riƙa tambayarsa ko ya kurɓa, yaya barcinsa, me ke tayar masa da sha'awar giya, ta sa a duba hantarsa, in ta ga wata matsala ta mayar da shi wurin likita.

Ki san maganin da aka ba shi, domin magungunan da ke taimakawa wajen barin giya iri-iri ne. Naltrexone, miligiram 50 sau ɗaya a rana, yana rage sha'awar sha, amma ba a haɗa shi da taramol ko kodin. Mai shan su sai ya yi kwana 7 zuwa 10 da barinsu kafin ya fara, in ba haka ba jikinsa zai rikice. Acamprosate sau uku ake shansa a rana, shi ya sa ake yawan manta na rana, kuma bai dace da mai ciwon ƙoda mai tsanani ba. Shi kuwa disulfiram, wanda ke sa mutum rashin lafiya in ya sha giya, ko 'yar barasar da ke cikin maganin tari na iya sa mai shansa amai da bugun zuciya.

Waya tana da amfaninta. A Amurka an gwada wata manhaja, A-CHESS, wadda ke gargaɗin mutum idan ya kusanci mashayar da ya saba, tana kuma da maɓallin neman agaji. Sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna masu amfani da ita sun rage kwanakin sha mai yawa. Ko babu manhaja, ƙararrawar shan magani da kira sau ɗaya a mako suna aiki.

Inda abin ke lalacewa shi ne waya ba ta jin wari. Zai iya cewa "lafiya ƙalau" alhali ya sha, kuma wanda ya koma yakan daina ɗaukar kira saboda kunya. Don haka ku yi yarjejeniya ku uku, da amincewarsa: in ya ƙi ɗauka sau biyu, nas ta kira ki. Kada kuma kira ya maye gurbin zuwa asibiti.

In ya sha sau ɗaya, a sanar da nas a ranar, ban da gori. Amma in ya koma sha kullum, kada ya yanke lokaci guda a gida. In ya yanke haka, karkarwa da zufa kan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan shansa na ƙarshe, farfaɗiya na iya biyo baya, ruɗewa da gane-gane kuma a kwana na biyu zuwa na uku. Da kin ga farfaɗiya ko ruɗewa, ki garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne.