Keken tsere na alminiyam mai yankan iska: yadda yake a ƙarƙashin mahayi da ko ya ci kuɗinsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka samu Specialized Allez Sprint na hannu, keken tsere na alminiyam, an kuma nuna maka wani na kabon (carbon fibre) mai kusan farashi ɗaya amma ya fi tsufa, kana tsoron abin da ake faɗa cewa alminiyam yana dukan jiki, kuma wai batun yankan iska talla ce kawai. Na daɗe ina hawa irin wannan keke, kuma amsata ita ce ka ɗauki na alminiyam ɗin idan lafiyarsa ƙalau, ka zuba sauran kuɗinka a taya.

Maganar dukan jiki tana da asali. Nauyin alminiyam wajen kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, amma taurinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne, shi ya sa masu ƙera keke suka riƙa yin bututunsa masu kauri don kada firam ya riƙa lanƙwasa. A da can kuma taya mai faɗin milimita 23 ake sawa, a ɗura mata iska har ta wuce psi 110 a ma'aunin famfo. Duk wanda ya hau wannan haɗin a kan kwalta mai gargada dole ya ji a haƙoransa. Laifin sai aka ɗora wa firam, alhali rabon taya a ciki ya fi yawa. Kada kuma a manta, ɗan tseren Italiya Marco Pantani a kan keken Bianchi na alminiyam ya ci gasar Tour de France a 1998, bayan mako uku yana kan sirdi.

Abin da na gani da jikina shi ne, ranar da na sauya daga taya 25 zuwa 28 na rage iska zuwa tsakanin 70 da 80, keken ya koma kamar wani daban. Akwai wani yanki a hanyar da nake bi da asuba inda kwalta ta tsattsage, aka yi mata faci a kan faci. Da can ina isa wurin sai in ɗaga daga sirdi, tafin hannuna ya yi ta zugi har yatsu biyu na ƙarshe su mutu. Yanzu a zaune nake wucewa ina taka feda, ƙarar ma ta sauya daga kakkaɓi zuwa wani ɗan gurnani a ƙasa. Dalilin a fili yake: taya tana lotsawa milimita da yawa idan ta hau tsakuwa, sandar sirdi tana ɗan rusunawa, shi kuwa firam mai kusurwa uku, na alminiyam ne ko na kabon, motsinsa sama da ƙasa kaɗan ne ƙwarai. Don haka abu na farko da za ka duba shi ne faɗin tayar da keken zai iya ɗauka. Samfurin Allez Sprint da ya fito a 2022 yana ɗaukar har 32, tsofaffin masu birkin da ke matse rim kuwa ba su da wannan sararin. Ka tambayi mai sayarwa shekarar keken kafin komai.

Ba zan ce maka yana da laushi ba. Keken tsere ne, gabansa a ƙasa yake, kansa yana amsa hannu nan take, kuma idan ka miƙe tsaye ka danna feda ba abin da ke ɓacewa, gaba kawai yake zabura. Wannan zaburar ce ta sa nake ƙaunarsa. A kwana ma yana riƙe layin da ka ba shi. Amma idan bayanka ba ya son doguwar sunkuyo, ko tafiyarka ta yini guda ce a hankali, akwai kekunan da aka yi domin haka, kuma za su fi maka daɗi.

Batun iska kuwa gaskiya ne, sai dai a san girmansa. Ƙarfin da kake kashewa wajen tura iska yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: daga kilomita 25 zuwa 35 a awa, gudun bai kai ninki ɗaya da rabi ba, amma aikin yaƙi da iska ya kusa ninki uku. Kuma wajen kashi uku cikin huɗu na abin da iska ke tokara jikinka ne, keken da ƙafafunsa su ne sauran. Ke nan firam mai siffar fiffike da aka datse bayansa yana taimako, musamman in kana cikin ayari kuna wuce 35, ko ka fito gaba kana fuskantar iskar hunturu. Amma lanƙwasa gwiwar hannu da sa riga mai kama jiki sun fi firam ɗin ba ka riba. Wanda yawonsa bai wuce 22 zuwa 25 ba, da wuya ya ji bambanci. Ga masu tambayar ko ƙwararru na yarda da wannan keke, shahararren ɗan tseren keke Peter Sagan ya hau Allez Sprint a tseren zagaye na birnin Adelaide a Janairun 2019.

Inda alminiyam ya fi burge ni shi ne wajen sayen na hannu. Idan ya sha wuya yana nunawa: lotsawa, ko tsaga siririya a gefen walda. Kabon yana iya fashewa ta ciki fentinsa na ƙyalli, kuma mu nan ba mu da na'urar da za ta leƙa mana cikinsa. Kabon mai kyau daga hannun wanda ka sani abu ne mai kyau, ya kuma fi sauƙin nauyi da 'yan gram ɗari-ɗari, amma tsoho wanda ya zo cikin kwantena ba a san tarihinsa ba, caca ce. Sau da yawa ma a farashi ɗaya na alminiyam ne ke zuwa da giya mai inganci kamar Shimano 105, na kabon kuma an rage masa a giya da ƙafafu.

Ka je da tocila da tsumma. Ka goge ƙura, ka haska duk inda aka yi walda, musamman ƙarƙashin wuyan keken, wajen da feda ke juyawa, da inda sandar sirdi ke shiga. Layi baƙi siriri da farce ke maƙalewa a ciki, ka bar keken ko nawa aka rage. Alminiyam yana gajiya da shekaru, kuma mai waldar bakin titi ba zai iya gyara shi ba, domin zafin walda yana raunana shi sai an sake gasa firam ɗin a tanda ta musamman. Cokalin gaba, wato sashen da ke riƙe ƙafar gaba, na kabon ne a irin waɗannan kekuna, a zare shi a duba. Ka kuma tabbatar sandar sirdi tana motsi, don tana iya kamewa a ciki in an daɗe ba a taɓa ta ba, ga shi siffarta ta daban ce, ba za ka same ta a kasuwa kamar mai zagaye ba. A sabon samfurin, igiyoyin birki ta cikin boris ɗin wuya suke bi, saboda haka canza boris yana nufin kwance birki, sai ka nemi makaniken da ya taɓa yi.

Idan ya tsallake wannan duka kuma girmansa daidai da tsawonka ne, ka biya. Ka sa taya 28 ko 30 masu kyau, ka sayi famfo mai ma'auni, ka kuma yi odar ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya guda biyu ka ajiye, domin shi ne ke fara lanƙwasa idan keke ya faɗi ta dama.