Amsa ga Yaya Kan Wasan Waya Mai Gidaje Masu Kusurwa Shida

Assalamu alaikum, jama'ar gida, barkanmu da yamma. Yaya, na saurari saƙonki na jiya daga Argungu, inda kika ce yara sun sauke miki wani wasa mai hotunan Kirsimeti, gidajensa masu kusurwa shida ne, kuma duk da kin saba da Candy Crush kin kasa wuce matakan farko, har kina tambaya ko ya dace a bar wa yara shi a lokacin hutu.

Abin da ya tsayar da ke yana cikin tsarin allon ne. A Candy Crush, wanda kamfanin King ya fitar a 2012, da Bejeweled da ya riga shi tun 2001, gidajen murabba'i ne, kowace ƙwaya tana da maƙwabta huɗu, kuma layi yana tafiya ne a tsaye ko a kwance kawai. Mu mutanen Kebbi idonmu ya daɗe da sabawa da wannan, domin haka darar da ake bugawa daga Zuru har Birnin Kebbi take: ramuka 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, a jera uku a layi a ci ɗan abokin karawa, kuma layin karkace ba ya shiga lissafi. To, a allo mai kusurwa shida kowace ƙwaya da ke tsakiya tana da maƙwabta shida, layukan kuma uku ne, biyu daga cikinsu a karkace suke. Saboda haka idonki yana tsallake mafi yawan damar da ke gabanki, domin yana neman abin da ya saba gani ne.

Akwai kuma wani abin da ba ya yiwuwa a allon murabba'i, wato ƙwayoyi uku su taɓa juna duka a lokaci guda, su yi curi. Wasan Hexic, wanda Alexey Pajitnov, ɗan Rasha da ya ƙirƙiro Tetris, ya tsara wa Microsoft a 2003, a kan wannan aka gina shi: ba a musanya ƙwayoyi biyu, ana juya uku ne tare har sai masu launi ɗaya sun haɗu, kuma wanda ya kewaye ƙwaya ɗaya da shida masu launi guda zai sami tauraro mai ƙarfi na musamman. Ki duba naki da kyau ki gane ko musanya ake yi, ko juyawa, ko jan yatsa a kan masu kama da juna, domin dabarar kowanne daban ce.

Shawarata ita ce ki riƙa farawa daga ƙasan allo, saboda idan na ƙasa suka ɓace na sama za su zubo, sau da yawa su haɗu da kansu ba tare da kin ɓata motsi ba. Ki yi wa gefe da kusurwa aiki da wuri, domin ƙwayar da ke can maƙwabtanta kaɗan ne, ita ce ke maƙalewa idan motsi ya kusa ƙarewa. Sannan ki dogara da siffar hoto fiye da launinsa, tunda kayan Kirsimeti ja da kore ne suka fi yawa, kuma a ƙaramar waya cikin hasken rana sukan rikita ido.

Game da hotunan biki kuwa, ado ne kawai. Yau ƙararrawa da dusar ƙanƙara, gobe kabewar Halloween, wasu kamfanonin ma sukan sa jinjirin wata da fitila idan azumi ya kama, amma dokar wasan ba ta canjawa. Abin da ya fi damuna shi ne agogon da suke liƙawa a kan bikin, su ce kyautar za ta ƙare bayan 'yan kwanaki, domin da shi ake tunzura mutum ya sayi ƙarin rai ko ya zauna kallon talla. A Candy Crush rai biyar ake bayarwa, kowanne sai bayan minti 30 yake dawowa, kuma wasanni da yawa sun kwaikwayi wannan tsari.

Don haka ina ganin a bar wa yara, domin yana koya musu lura da tunani kafin motsi, amma da sharaɗi. Ki shiga Google Play ki sa a riƙa neman kalmar sirri kafin kowane saye, ki cire katin banki idan yana liƙe da asusun, kuma ki kashe data kafin ki miƙa musu wayar, tunda yawancin irin waɗannan wasanni suna tafiya ba intanet, tallan da ba ki san abin da zai nuna musu ba kuma ta nan yake shigowa. Idan naki ya ƙi buɗewa sai da data, ki turo mini hoton allon a nan in duba miki wani. A gaida Baba da yaran.