Yaya ƙaramin manomin kwakwar manja zai samu shaidar RSPO?

Tambaya: Ina da gonar kwakwar manja hekta 3 a jihar Kogi. Na ji ana maganar takardar shaidar RSPO, wai tana ƙara wa manja daraja. Ta yaya zan same ta, kuma kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Amsa: Malam, kai kaɗai ba za a ba ka ba. RSPO ƙungiya ce ta duniya da aka kafa a 2004 domin a noma kwakwa ba tare da cinye dazuzzuka ba. A 2019 ta fitar da ƙa'ida ta musamman ga manoma masu zaman kansu waɗanda gonarsu ba ta wuce hekta 50 ba, kuma ƙungiyar manoma ake ba shaidar. Sai ku haɗu ku yi rajista, ku naɗa manaja wanda zai riƙe littattafai, ya riƙa zagaya gonaki kafin masu bincike su iso.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tarihin fili. Za a auna iyakar kowace gona da GPS, a nemi hujjar mallaka ko izinin noma, sannan a duba hotunan tauraron ɗan adam. Idan tsohon daji aka sare bayan Nuwamban 2005 aka dasa kwakwar, sai an bi tsarin gyaran ɓarna tukuna. Ba a share fili da wuta, ba a fesa maganin kashe ciyawa na paraquat, ba a feshi a bakin rafi. Mai feshi kuma sai da safar hannu, takalmin roba da abin rufe hanci. Kowane buhun taki da nauyin kowane girbi a rubuta, domin a wurin mai bincike abin da ba ya cikin littafi ba a yi shi ba.

Maganar riba kuwa, mai sayen jarka a kasuwar Anyigba ba zai ƙara maka ko kwabo saboda takarda ba. Kuɗin yana zuwa ne ta kiredit: kowane tan ɗaya na man da aka tantance kiredit ɗaya ne, kamfanoni su saya ta intanet, kai kuma ka sayar da manjanka inda ka saba. Kuɗin bincike na shekara-shekara yana da nauyi, saboda haka ƙungiyar mutum goma da wuya ta fita. Ku yawaita, kuma ku nemi asusun tallafin ƙananan manoma na RSPO.

A ganina babbar ribar tana cikin gonar. Ka riƙa girbi duk kwana 10 zuwa 14, lokacin da 'ya'ya suka fara zuba a gindin bishiya, ka kai injin matsa cikin awa 24. Jinkiri yana sa man ya yi tsami, ma'aunin tsamin ya haura kashi 5 cikin 100, masana'antu su karya farashi. In za ka yi sabon dashe, kar ka tsinci tsiron ƙarƙashin bishiya. Sayi ingantaccen iri mai suna tenera daga NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja da ke kusa da birnin Benin, ka ba da tazarar mita 9 a tsarin kusurwa uku, hekta ta ɗauki gindi 143.