Wayar nan mai ruwan goro da na hana ka taɓawa

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka kai sifana kan wayar nan mai ruwan goro ta cikin Prius, motar Toyota mai aiki da fetur da wutar batir, alhali ka riga ka cire kan batir kamar yadda na koya maka. Tambayarka tana kan hanya, kuma na fi son ka tambaya da ka yi shiru ka gwada a bayan idona.

Abin da ka cire ƙaramin batir ne mai volt 12. A motocin da ka saba da su, shi ke nan wuta ta mutu. Wannan kuwa batir biyu gare ta. Babban yana bayan kujerar baya. A ƙirar 2004 zuwa 2009, gunduwa 28 ce aka jera a ciki, kowace tana da volt 7.2, jimla ya ɗan haura 200. Inbatar da ke cikin bonet kuma, wato na'urar da ke sarrafa wutar batirin don tafiyar da mota, tana ɗaga shi har 500 idan mota na tafiya. Ka san yadda wutar gida mai 230 take yi wa mutum. Masu ƙera motoci sun ware ruwan goro ga wayoyin da ke ɗauke da irin wannan wuta don kowane bakanike ya gane su da kallo ɗaya.

Gaskiya ne idan an kashe mota, akwai rilai, wato makunni mai aiki da kansa, da ke raba babban batir da sauran jiki. Amma rilai yana iya narkewa ya manne, ba kuwa za ka gani daga waje ba. Sannan cikin inbata akwai kafasita da ke riƙe wuta bayan an kashe komai. Ga kuma abin da ya fi tayar min da hankali game da yara irinku: motar nan tana iya zama a kunne ba ƙara ko kaɗan. Muddin READY na haske a dashbod, inji zai iya tashi da kansa hannunka na ciki.

To ga yadda ake yi a garejin nan, ba ragi. Ka kashe mota, ka nisanta makulli da ita. Ka cire kan ƙaramin batir. Ka cire zobe da agogo, ka sa safar hannu ta roba wadda aka yi don volt 1000, bayan ka hura ta ka tabbatar ba ta yoyo. Sai ka zare fulogin nan mai ruwan goro da ke gefen babban batir, ka jefa shi a aljihunka. A aljihunka na ce, domin idan ka ajiye a but, wani mai son taimako zai mayar da shi kana tsakiyar aiki. Ka jira minti goma cif, sannan ka auna da mita. Sai ta nuna sifili za ka kai hannu. Ko a nan ma, cikin batirin kansa da sauran wuta mai kisa, don fulogin gida biyu kawai ya raba shi.

Kada wannan ya sa ka gudu daga aikin. Tun 1997 Toyota ta fara sayar da Prius a Japan, mu ne dai ta iso mana a makare. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, masu neman mota mara shan fetur da yawa sai ƙaruwa suke, kuma bakaniken da ya iya irin waɗannan kaɗan ne.

Yawancin abin da ke kashe batirinsu a wajenmu zafi ne da ƙura. Akwai fankar da ke jan iska daga gefen kujerar baya tana sanyaya shi. Bayan hunturu ka buɗe ta, za ka tarar ƙura da zaren tsumma sun dunƙule a fikafikanta, wani lokaci ma fasinja ya toshe ramin da jaka. Mai mota ya zo, kwamfuta ta nuna P0A80, lambar matsalar babban batir, sai a ce masa ya sayo sabon batir dungurungum. Ni ba na yarda da haka kafin a auna. Kwamfutar tana nuna gunduwoyin bibbiyu, rukuni 14. Idan ɗaya ya faɗi ƙasa da 'yan uwansa da kusan volt ɗaya da ɗigo biyu, nan ciwon yake. Wani sa'in ma ƙarafan jan ƙarfen da ke haɗa su ne suka yi tsatsa kore shar, wanki kawai suke so.

Gobe da safe za mu sauke fankar tare. Ni zan zare fulogi, kai za ka riƙe mita ka karanta min abin da ta nuna.